Fuskar da Aka Rage wa Komai Sai Layi: Fashin Baƙi kan Hoton Inuwa

Duk wanda ya taso a gidan da ake kunna aci-balbal ya san wannan abu. Ana zaune a tsakar gida bayan isha'i, sai wani ya gifta tsakanin fitila da bango, kafin ya yi sallama an riga an ambaci sunansa. Babu wanda ya ga idonsa ko launin rigarsa, amma karin hularsa da tudun hancinsa da yadda yake ɗan ranƙwafar da wuya sun isa shaida. A kan wannan ɗan sani Turawa suka gina sana'a sukutum, wadda ta yi tashe daga wajen 1760 har zuwa shekarun 1840. Ana zaunar da mutum ya ba da gefe, a fitar da iyakar fuskarsa, a cike cikin da baƙi wuluk. Su suna kiran abin siluwet. A nan za mu ce masa hoton inuwa.

Turawan suna da labarin da suke jingina asalinsa da shi. Pliny Babba, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 miladiyya lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya ce a birnin Korinti na ƙasar Girka an yi wata budurwa, 'yar wani maginin tukwane mai suna Butades. Saurayinta zai yi tafiya mai nisa, sai ta bi inuwar fuskarsa da fitila ta jefa a bango ta zana iyakarta. Uban ya zo ya cike zanen da yumɓu, ya gasa tare da tukwanensa. Tatsuniya ce ko tarihi, mutanen ƙarni na 18 sun so ta ƙwarai, har Josiah Wedgwood, attajirin tangaran na Ingila, ya sa mai zane Joseph Wright ya zana masa budurwar a farkon shekarun 1780. Dalilin yarinyar shi ne dalilin yawancin waɗanda suka sayi hoton inuwa bayanta: wani zai tafi yaƙi, wata za ta yi aure a nesa, wani tsoho ya fara gajiya, ana son a riƙe wani abu nasa.

Sunan kuwa da gatse ya samu. Étienne de Silhouette shi ne mai kula da baitulmalin Faransa a 1759, zamanin Sarki Louis na 15, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai kuma aljihun gwamnati ya ƙone. Ya ɗora wa masu hannu da shuni haraji, ya nemi a tsuke bakin aljihun fada. Wata takwas kacal ya yi aka yi waje da shi, kuma daga nan duk abin da aka yi shi da araha ko da ƙwauro sai mutanen Faris su ce an yi shi irin na Silhouette. Hoton da ba a kashe masa fenti ba, ba a ɓata wa mai zane makonni ba, shi ma ya gaji sunan. Ingilishi sun daɗe ba su karɓi kalmar ba. A wurinsu sunan abin inuwa ne kawai, ko hoton gefe, sai a shekarun 1830 kalmar Faransancin ta zauna.

Arahar gaskiya ce. Hoton fenti na mai, ko ƙaramin hoton launi da ake yi a kan hauren giwa, na masu kuɗi ne, kuma sai an yi ta zama gaban mai zane kwana da kwanaki. Hoton inuwa mintuna yake ci, kuɗinsa daga 'yan kwabbai zuwa 'yan sulalla. Shi ya sa kafin zuwan kyamara shi ne hoton malamin makaranta da mai kanti da matar manomi. Sai dai wannan araha ta sa mutane da dama suna kallonsa a gidan tarihi su wuce, suna ganin ai baƙin tabo ne kawai a farar takarda. A nan nake ganin an yi masa rashin adalci, domin wahalar aikin tana cikin ƙarancin abin da aka bar wa mai yinsa.

Mai zanen fenti yana da makamai da yawa. Idan hanci bai yi daidai ba, hasken ido zai rufa masa asiri. Idan baki ya karkace, launin fata da kyan tufafi za su ɗauke hankalin mai kallo. Mai hoton inuwa an ƙwace masa duk waɗannan. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, wato iyakar da baƙi ya haɗu da fari. Wannan ne ma ya sa dole mutum ya ba da gefe. Inuwar fuskar da ta dubi gaba ƙwai ce da kunnuwa biyu, ta kowa iri ɗaya. Da an juya kai gefe sai goshi da hanci da leɓe da haɓa su jeru a bakin layi, kowanne da tsayinsa da zurfinsa. Masu buga kuɗi sun san haka tun zamanin Girka da Rum, kuma mu ma mun gani a kan sulen zamanin Turawa. Har yau ɗan tambarin da ake manna wa wasiƙa sunansa kan sarki a Hausa, saboda kan Sarkin Ingila da ke kansa, mafi yawa ta gefe.

To, in mutum ya tsaya gaban irin wannan hoto, ina zai sa ido? Ni dai na fi gane shi idan na raba layin gida biyu. Akwai layin gaba, daga inda gashi ya tsaya a goshi zuwa maƙogwaro. Wannan layin ƙashi ne, ba ya karɓar wasa. Yawancin hotunan kai da kafaɗa ba su wuce tsawon yatsa ba, fuskar kanta kuwa ba ta fi gaɓa ɗaya ko biyu ba. A wannan ƙanƙanta, kuskuren da bai kai kaurin zare ba a leɓen sama zai mai da mai fara'a mai fushi, ko ya ƙara wa budurwa shekara ashirin. Wurin da gwanaye suka fi bambanta da 'yan koyo shi ne ɗan kwarin da ke tsakanin gira da karan hanci, sai kuma lanƙwasar da ke ƙarƙashin leɓen ƙasa kafin haɓa ta taso. Ɗan koyo yana yanka su da kusurwa, kamar matakala. Gwani yana shiga ya fita da sulɓi, har ka ji akwai nama a kan ƙashin. Wasu suna barin ɗan tsinken gashin ido ya leƙo gaban layi, kuma wannan ɗan tsinke shi kaɗai yake gaya wa mai kallo inda idon yake da inda ya dosa.

Sai layin baya, daga tsakar ka zuwa ƙeya da kafaɗa, inda gashi da hula da kintinkiri da leshi suke. A nan mai aiki yana da sarari, kuma a nan yake nuna gwaninta. Daɗin kallon yana cikin sa-in-sa tsakanin layukan biyu: gaba a natse, a miƙe, babu ƙari, baya a hargitse da lanƙwashe-lanƙwashe. Idan kwalliyar baya ta yi yawa har ta danne fuska, hoton ya zama tallar hula. Idan kuma aka yi ƙwauron ta, kan ya fito kamar dutsen niƙa. Wannan layin na baya ne kuma yake faɗin shekarar hoto. Tulin gashin mata da ya yi sama kamar gammo a kan gammo na shekarun 1770 ne da 1780. Ɗan kitson jela da maza suke ɗaurewa a ƙeya ya fara ɓacewa a Ingila bayan 1795, shekarar da gwamnatin William Pitt ta ɗora haraji a kan hodar gashi. Doguwar kwala mai tokare haɓa ta farkon ƙarni na 19 ce, hannun riga mai kumbura kamar balo kuma na shekarun 1830.

Akwai layi na uku da idon baƙo ba ya kula da shi, wato inda aka datse hoton a ƙirji. Jikin mutum ba ya ƙarewa a nan, don haka wannan layin babu shi a inuwa, mai aikin ne ya ƙirƙire shi. Wani yana yin lanƙwasa ɗaya mai santsi, wani biyu masu haɗuwa a tsini, wani ya ja ta gaba kamar bakin kwalekwale. Kowa da irin nasa, kuma hannu ba ya sauyawa da sauƙi. Masu tara waɗannan hotuna sukan gane mai aiki ta nan ko da takardar sunansa ta ɓalle daga bayan firam, kamar yadda ake gane ɗinkin tela ta yankan wuyan rigarsa.

Yadda aka yi hoton ma yana sauya halin layin. Wasu da burushi suke yi. John Miers, mutumin Leeds da ya buɗe shago a titin Strand na Landan a 1788, shi ake ɗauka a matsayin uban gidan wannan salo. Yana shafa baƙin da aka haɗa da kunkunniya a kan farin allon filasta, ko a kan ɗan hauren giwa da za a sa a zobe ko abin wuya. Fuskar baƙa ce ƙirin, amma da ya zo kan gashi da leshi sai ya tsinka baƙin har farin allon ya riƙa leƙowa, gashin ya zama kamar hayaƙi. Shi ya yi wa mawaƙin Sukotlan Robert Burns hoto a Edinbara a 1787. Isabella Beetham, ita ma a Landan, ta shahara da zane a bayan gilashi. Idan gilashin mai ƙusumbi ne aka kuma bar tazara tsakaninsa da farin bayansa, hoton yana jefa inuwa ta gaske a ƙarƙashinsa, inuwa ta haifi inuwa ke nan. Daga baya aka shiga shafa wa baƙin ruwan zinariya ko garin tagulla don a fito da gashi da ninkin tufafi. John Field, abokin aikin Miers, ya iya wannan ƙwarai. Yana da kyau, ba musu, amma a ganina da zarar an fara zane a cikin baƙin an rage wa layin gefe nauyin da ya sa shi zama abin kallo.

Almakashi kuwa ba ya yafiya. Abin da burushi ya ɓata ana iya gyarawa, abin da almakashi ya cire ya tafi. Mai yanka ba ya yawo da almakashin, takardar yake juyawa da ɗaya hannun tana shiga bakinsa, shi ya sa layin gwani yake fita da numfashi ɗaya. Wanda ya kai wannan salo ƙololuwa shi ne Auguste Edouart, Bafaranshen da ya koma Ingila a 1814 yana neman abinci da yin hotuna da gashin mutum. A littafin da ya buga kan sana'ar a 1835 ya ba da labarin yadda ya fara wajen shekara goma kafin nan: a gidan abokai aka nuna masa hotunan da inji ya yi, ya kushe su, aka ce to ya yi wanda ya fi. Ya ɗauki almakashin ɗinki da bangon wasiƙa ya yanka fuskar maigidan, ya baƙanta da tokar lagwanin kyandir. Edouart ba ya bin inuwa a bango, ido kawai yake sa wa mutum ya yanka. Kuma ya fi son ya yi mutum tun daga kai har ƙafa, don a wurinsa tsayuwa ma kama ce. Limamin coci da hannu a sama yana wa'azi, tsoho ya jingina nauyinsa a kan sanda, yaro ya saki ciki gaba kamar yadda yara suke yi. A irin waɗannan hotuna farin ma yana aiki: ɗan tsagin da ke tsakanin gwiwar hannu da kwiɓi, tazarar ƙafa da ƙafa, ramin da ke tsakanin ƙafafun kujera. Ba don su ba, da jikin ya zama curi guda. Ya tsani shafa zinariya, abin da kawai ya yarda da shi shi ne ya tsaga baƙin a wuya don farin kwala ya fito.

Salo na uku ya fi yawa a Amurka, kuma juyin na biyu ne. Maimakon a yanko kai daga baƙar takarda, sai a huda siffar kan a tsakiyar farar takarda a jefar da cikin, a shimfiɗa baƙin ƙyalle ko baƙar takarda a baya. Abin da kake gani a matsayin fuska rami ne. Da wannan salo inji ya shigo. A Faransa Gilles-Louis Chrétien ya ƙera na'urar bin gefen fuska a shekarun 1780, a 1802 kuma John Isaac Hawkins ya ba mai zane Charles Willson Peale irin tasa ya kafa a gidan tarihinsa na Filadelfiya. Mutum yana zama, a bi gefen fuskarsa da ɗan ƙarfe, wasu sanduna masu gaɓoɓi su rage girman layin su tambara shi a kan takardar da aka ninka huɗu. Yanka ɗaya, hoto huɗu. A shekarar farko an yi fiye da 8,000.

Wanda yake zaune a bakin wannan inji shi ne Moses Williams, wanda ya taso yana bawa a gidan Peale. Maigidan ya koya wa 'ya'yansa zanen fenti, shi kuwa Moses aka ba shi inji da almakashi. An 'yanta shi a 1802, ya ci gaba da aikin yana karɓar santi takwas a kan kowane mutum, har ya tara ya sayi gida. Hotunan suna fita da tambarin gidan tarihin, sunansa ba ya kansu. Amma wanda ya duba su da kyau zai ga abin da ya warware mini zancen inji da hannu. Alamar da injin ya tambara tana nan a takarda, kuma yankan almakashin ba koyaushe yake bin ta ba. Inji yana tsalle a kan gashi, yana daddatse leɓe, ba ya ganin gashin ido. Mai yanka ne yake gyara waɗannan da idonsa. Akwai hoton Moses ɗin kansa na wajen 1803 da ke ajiye a wani tsohon ɗakin karatu a Filadelfiya, kuma masu bincike sun lura cewa a wajen gashi yankan ya kauce wa layin inji, an tsawaita shi an kwantar da shi irin na Turawan lokacin. Ana taƙaddama kan ko shi ya yanka da hannunsa ko ɗan maigidan, Raphaelle. Ko wane ne, takardar ta nuna cewa ko da inji a tsakani, layin ƙarshe zaɓin mutum ne.

Wannan yana da muhimmanci saboda akwai wanda ya gina ilimi guda a kan cewa inuwa ba ta ƙarya. Johann Kaspar Lavater, limamin coci a Zurich ta Suwizalan, ya buga mujalladi huɗu kan firasa tsakanin 1775 da 1778, har Goethe, shahararren marubucin Jamus, ya taimaka masa da farko. A wurinsa hoton inuwa ya fi kowane hoto talauci amma ya fi kowanne gaskiya, tunda hannun mai zane bai sa baki ba. Ya tsara kujera ta musamman mai gilashi a gefe don kada kai ya motsa, ya raba gefen fuska kashi tara daga tsakar ka zuwa wuya, yana karanta hankali a goshi, ƙarfin zuciya a hanci, sha'awa a leɓe. Littafin ya bazu a Turai kamar wutar daji, kuma shi ya mai da tara hotunan inuwa abin yayi a Jamus. Mu ma muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma karin maganar tamu tana nufin abin da ke motsi, ɗaure fuska da sakinta, ido da ya kaɗa, murmushin da bai kai ciki ba. Waɗannan su ne ainihin abin da hoton inuwa ya shafe. Lavater ya bar su ya koma yana tambayar ƙashi, wanda mutum bai zaɓa ba kuma ba ya iya sauyawa.

Tun a zamaninsa an yi masa dariya. Georg Christoph Lichtenberg, masanin kimiyya a Göttingen, ya fitar da inuwar wutsiyar alade da ta kare yana karanta musu ɗabi'u da irin kalmomin Lavater masu kumfa. Duk da haka ra'ayin ya daɗe. A 1831 kaftin Robert FitzRoy ya kusa ƙin ɗaukar Charles Darwin, masanin halittu, a jirgin ruwan Beagle saboda siffar hancinsa, wai mai irin wannan hanci ba zai jure wahalar tafiya ba. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne abin da aka yi da awon kusurwar fuska na likitan Holan Petrus Camper, inda masu wariyar launi na ƙarni na 19 suka jera gefen fuskokin jinsunan mutane kamar tsani, suka sa Bature a sama, baƙar fata a ƙasa. Kashi taran Lavater suna da amfani wajen koya wa ido kallo a tsanake, na yarda da wannan. Hukuncin da ya ɗora a kansu ne shirme.

A garin Stratford na jihar Connecticut ta Amurka akwai wani hoton inuwa da ba a yi shi don ƙauna ba. Na wata baiwa ce mai shekara 19 mai suna Flora, an same shi tare da takardar cinikinta ta 1796, inda Margaret Dwight ta sayar da ita ga Asa Benjamin a kan fam 25. Girman kanta ne na gaskiya, alamar an tsayar da ita ne jikin bango aka bi inuwarta, kamar yadda budurwar Korinti ta yi wa saurayinta. Ba aikin gwani ba ne. Layin yana da kauri, babu leshi, babu lanƙwasar ƙawa a ƙirji, gashinta kuma an fitar da shi tsini-tsini. Amma wuyan a miƙe yake, kuma gefen fuskar na mutum ɗaya ne tak, wanda waɗanda suka san ta za su gane. An nuna shi a gidan hotunan ƙasa na Washinton a 2018, a wani baje koli na hotunan inuwa na da da na yanzu. Irin wannan tarihi ne Kara Walker, baƙar Ba'amurkiya mai zane, ta tono tun 1994, lokacin da ta fara manna manyan mutane na baƙar takarda a farin bango tana ba da labarin bauta a kudancin Amurka da salon da aka saba gani a falon masu bayi.

Abin da ya kashe kasuwar sananne ne. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faris, kuma cikin 'yan shekaru shagunan hoto suka cika manyan birane, suna ba mutum idonsa da gashin bakinsa a kan kuɗi kaɗan. A wannan shekarar ce dai Edouart ya shiga jirgi zuwa Amurka. Shekara goma ya yi yana yawo tsakanin New York da Boston da Saratoga da sauran garuruwa, ya yanka dubban mutane, har da shugabannin ƙasa da 'yan majalisa. Al'adarsa ita ce ya ninka takarda biyu, ya ba mai hoto ɗaya, ya manna ɗayan a kundi ya rubuta suna da kwanan wata da gari. A Disambar 1849, yana hanyar komawa Turai da kundayen nan na aikin kusan shekara ashirin da biyar, jirgin da ya shiga mai suna Oneida ya dare a gaɓar tsibirin Guernsey. Ya tsira da ransa, amma mafi yawan kundayen sun tafi ƙarƙashin teku. 'Yan kaɗan da aka tsamo ya bar wa iyalin da suka ba shi masauki a tsibirin, ya wuce Faransa, inda ya mutu a 1861 bai koma sana'ar ba. Hotunansa da dama da ke gidajen tarihi a yau daga waɗannan kundaye suka fito, wasunsu har yanzu da tabon ruwan gishiri a gefen takardar.